Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Hausawa suna yi wa kainuwa kirari da dashen Allah, gama ba a taɓa ganin wanda ya ɗauki fartanya ya shuka ta ba. Wannan gaskiya ne. Amma duk wanda ya bi ɗaya daga cikin rafukan ƙasar Kafur da ƙafa a watan Nuwamba, sa'ad da ruwa ya daina gudu ya rarrabu gurbi-gurbi, zai ga abin da kirarin bai faɗa ba. Dashen nan ba ko'ina yake kamawa ba. Ga gurbi guda, ruwansa garau, kana hangen yashin ƙasa, ba ko ɗigon kore a bisansa. Ka ƙara taku ɗari biyu, ka wuce mashayar shanu, sai ka tarar da wani gurbin a rufe ruf kamar an shimfiɗa masa bargo. Rafi ɗaya ne, rana ɗaya take dukansu, ruwan sama ɗaya ya cika su. To, me ya raba su?

Abin da ya raba su yana narke a cikin ruwan, ido ba ya ganinsa. Akwai kuwa waɗansu ƙananan tsire-tsire da suke tona asirinsa ga wanda ya koyi duba su.

Dangin da ba su fure

Kainuwa da bado suna fure, suna kuma yin 'ya'ya kamar sauran shuke-shuke. Amma akwai wani dangi na tsire-tsire da Allah ya yi su ba fure, ba ƙwaya. Masu tsohuwar rijiya sun san ɗaya daga cikinsu, watau ciyawar nan mai ganye kamar gashin tsuntsu da ke fitowa a jikin bangon rijiya inda inuwa da laima suke. In ka juya bayan ganyenta za ka ga ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa. Garin da ke cikinsu, mai laushi kamar ƙura, da shi take haihuwa.

Waɗansu 'yan wannan dangi a ruwa suke zama. Akwai wadda masana suke kira marsiliya, mai ganye huɗu a kan siririn kara ɗaya, tana kafa saiwarta a taɓon bakin tafki. In tafkin ya ƙafe sai ta mutu, ta bar 'yan ƙulle-ƙulle masu tauri a cikin busasshiyar laka, waɗanda suke iya jiran ruwa shekara da shekaru. Akwai wata a kudancin ƙasarmu mai manne wa duwatsu a ƙoramun kurmi, inda ruwa yake gudu rani da damina a ƙarƙashin inuwa. Ita ba ta zama a wurinmu, gama rafukanmu na yashi ne, rana tana gasa su, rabin shekara kuma a bushe suke.

Wadda za mu fi daɗewa a kanta ita ce ƙaramarsu, ana ce da ita azola. Girmanta bai wuce farcen babban yatsa ba. Tana yawo a bisa ruwa, ganyayenta ƙanana suna hawan juna kamar ɓawon kifi, saiwoyinta sirara suna reto a ƙasa ba su taɓa laka ba. Mutane da yawa suna haɗa ta da gansakuka, amma ba wuya a raba su. Gansakuka tana da yauƙi, tana bin hannu zare-zare. Azola kuwa kamar ƙaramin karammiski take, in ka nutsar da ita sai ta taso a bushe. Tun da ba ta da saiwa a ƙasa, ba ta da wani rumbu sai ruwan da take kwance a kai. Abin da ruwan yake da shi, shi za ta ci. Abin da ya rasa, ita ma ta rasa. Shi ya sa ta zama mai ba da shaida a kan ruwa.

Ilimin da yake a madafa

Uwargida ta riga ta san rabin wannan darasi. Ta san tsamiya da lemon tsami suna gefe guda, kanwa da ruwan toka suna ɗaya gefen, kuma in yakuwa ta cika tsami 'yar kanwa take kashe shi. Masana sun yi wa wannan abu ma'auni daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Abin da ya gaza 7 yana wajen tsami, abin da ya haura yana wajen kanwa. Ruwan lemon tsami yana kusa da 2, ruwan sama mai tsabta tsakanin 5 da 6, jiƙaƙƙiyar kanwa kuwa takan kai 10.

Azola ta fi jin daɗi daga wajen 4 da rabi zuwa 7, watau ruwa mai ɗan tsami kaɗan wanda harshe ba zai ma ji ba. In ruwa ya karkata wajen kanwa sosai, sinadarin ƙarfe da tsiro yake bukata domin yin kore sai ya daskare ya kwanta, ganye ya koma rawaya. Ga abinci a gabanta, amma an kulle tukunyar.

Kowane ruwa yana ɗauke da halin ƙasar da ya ratsa. Ƙasarmu ta Funtuwa da Malumfashi, inda Gulbin Sakkwato ya faro, tana zaune a kan tsofaffin duwatsu masu tauri waɗanda ba su narkewa da sauƙi. Saboda haka ruwan rafukanmu da damina mai sauƙi ne, sabulu yana kumfa a cikinsa ba wahala. A wajen Kalambaina kusa da Sakkwato, inda ake haƙar farar ƙasa domin yin siminti, ruwan da ya ratsa dutsen yana da nauyi, yana cin sabulu, yana barin farin ɓawo a cikin buta. Can gabas wajen ƙasar Manga da Tafkin Cadi kuwa akwai tafkunan da ake kwasar kanwa a bakinsu. Ko a wurinmu ma gurbi yakan sāke hali cikin shekara guda. Rana tana shanye ruwan, ba ta shan gishirin da ke ciki, hunturu kuma yana zuba ƙurarsa daga hamada. Ruwan da yake da sauƙi a watan Satumba yakan soma zartsi kafin Afrilu.

Kuɗin manomi a bisa ruwa

Yanzu mun zo kan babban zance. A jikin buhun kamfa akwai lambobi uku, sau da yawa 15-15-15. Na farko naitirojin ne, mai sa ganye ya yi kore, shi ne kuma abin da ke cikin yuriya. Na biyu fosfaras, mai gina saiwa da ƙwaya, shi ne ƙarfin takin sufa. Na uku fotash. Galibin tsire-tsiren ruwa sai sun sami na farko da na biyu kafin su yaɗu. Azola kuwa ba ta roƙon kowa naitirojin.

Ga dalili. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sai dai tsiro ba ya iya cinsa haka nan. Manomi ya san ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar gyaɗa da wake da waken suya, ya kuma san gonar da aka cire gyaɗa takan yi wa dawa kyau. A cikin ƙulle-ƙullen nan akwai ƙananan halittu masu kamo naitirojin daga iska su mai da shi taki. Haka azola take, amma ita a cikin ganye ta yi wa baƙuwarta ɗaki. Kowane ganye yana da ɗan rami, a ciki wata halitta mai kama da gansakuka take zaune. Azola tana ba ta masauki da abinci, ita kuwa tana biyan haya da taki. Ba su rabuwa, har 'ya'yan azola ma da baƙuwar ake haifarsu. Duk sa'ad da na koya wa yara wannan a aji nakan ga sun yi shiru, ni ma har yau abin yana ba ni mamaki, yadda Mahalicci ya ɓoye masana'antar taki a cikin ganyen da bai kai ƙwayar gero ba.

Abu ɗaya da azola take jira shi ne fosfaras. Shi kuwa ƙasarmu tana da ƙarancinsa, kamar yadda masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka daɗe da nunawa. Jan da muke gani a ƙasarmu da marmararmu tsatsar ƙarfe ce, tsatsar nan kuwa tana riƙe fosfaras gam, ba ta sakinsa ya bi ruwa. Shi ya sa ruwan da ya fito daga daji ko gindin dutse yake garau, ba abin da zai ciyar da azola a cikinsa. Fosfaras ba ya zuwa rafi da ƙafarsa, sai an kawo shi. Kashin shanu a mashaya yana kawo shi. Ruwan kwata da bayan gida da aka yi a bakin rafi suna kawo shi, haka ma waɗansu irin garin sabulu a wurin wanki. Amma babbar hanyarsa ita ce ƙasar gona da ruwan sama ya kwashe, tare da takin da aka watsa a kanta. Jan ruwan nan da muke gani yana gudu bayan an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, shi ne jakin da yake ɗauko shi. Lakar ta kwanta a gindin gurbi. Da rani, sa'ad da ganyaye suka ruɓe suka cinye iskar da ke ƙasan ruwa, tsatsar sai ta saki abin da ta riƙe, azola ta samu. In ta samu kuwa ba ta wasa, cikin kwana 3 zuwa 5 takan ninka yawanta.

Dattawanmu sun ga lokacin da wannan abu ya ƙaru. A shekarar 1975 aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya. Aka kawo takin zamani da araha, aka yi hanyoyi, aka gina ƙananan madatsun ruwa a ƙauyuka, masara ta zama amfanin gona na sayarwa. Ba mai musun alherin da aka samu. Amma abu biyu da azola da kainuwa suke so, watau ruwa mai tsayawa wuri ɗaya da taki, a lokaci guda suka yawaita. A ganina, manomin da ya tsaya a bakin madatsa ya ga ta rufe da kore bai kamata ya ce ikon Allah kawai ya wuce ba. Ya duba da kyau, wani sashi na kuɗin takinsa ne yake yawo a bisa ruwa. Taki kuwa yanzu ba mai zubar da shi da gangan. Wanda ya rufe takinsa da ƙasa maimakon ya watsa shi a fili, ya ja kunyoyinsa a gicciye da gangare, ya kuma bar ciyawa taku biyar ko goma tsakanin gonarsa da bakin rafi, ya taimaki aljihunsa, ya taimaki maƙwabcin da yake shan ruwan a ƙasa da shi. Aikin da aka ba Adamu a gonar Aidan, cikin Farawa sura 2, noma ne da kiyayewa, su biyun tare.

Launin azola ma magana ne. In ta yi kore shar, ta yi kauri, ruwan ya ƙoshi da fosfaras. In ta koma ja kamar an barbaɗa garin bulo, tana cikin wahala ke nan: ko rana ta yi mata yawa, ko sanyin hunturu, ko kuwa ta cinye fosfaras ɗin da ke wurin. Rawaya alamar ruwa ya karkata wajen kanwa. Inda babu ita sam, ko dai ruwan yana gudu da ƙarfi, ko ba taki a cikinsa, ko kuwa yana da gishiri.

Gishiri mai tsaron ƙofa

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ba baƙo ba ne ga ruwan da ya ɓaci. Isra'ilawa sun kasa shan ruwan Mara saboda ɗaci, a Fitowa sura 15. Mutanen Yariko kuma sun kai wa annabi Elisha kuka a kan ruwan da yake hana ƙasarsu albarka, a 2 Sarakuna sura 2, ya zuba gishiri a maɓuɓɓugar, Ubangiji ya warkar da ita. Wannan mu'ujiza ce, kada wani ya ɗauki buhun gishiri ya nufi madatsar garinsu. A al'ada gishiri kashe tsire-tsiren ruwan daɗi yake yi, gama yana zuƙe ruwan jikinsu kamar yadda yake yi wa yankakken nama.

Abin da ya faru a Kogin Sanagal ya nuna haka sarai. Dā can, kowane rani ruwan teku yakan shigo kogin ya yi tafiya mai nisa, gishirinsa ya share ciyayin ruwa. A 1986 aka gama madatsar Diyama kusa da bakin teku domin a tare gishirin a sami ruwan noman shinkafa da rake. Aka samu kuwa. Amma da mai tsaron ƙofa ya tafi sai baƙi suka shigo. Kainuwa da kacalla suka cika hanyoyin ruwa. A 1999 wata 'yar'uwar azola mai suna salbiniya, wadda asalinta daga Barazil ne, ta kuɓuce ta shiga kogin, ta rufe shi har jiragen masunta suka kasa wucewa. Sai da aka kawo wani ɗan ƙwaro ɗan asalin ƙasarta, wanda ba ya cin kome sai ita, kafin a shawo kanta. Ita ce dai ta mamaye Tafkin Kariba tsakanin Zambiya da Zimbabuwe bayan an datse Kogin Zambezi. A 1962 ta rufe kusan kashi ɗaya cikin biyar na tafkin, gama dajin da ruwa ya cinye yana ruɓewa yana ciyar da ita. Da abincin ya ragu, ita ma ta ja da baya.

Akwai abin da ya fi ciyawa muni da ya biyo bayan madatsar Diyama. Ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya su ma ba su jure gishiri, suna kuma son ɓuya a cikin ciyayin ruwa. Daga 1988 cutar ta ɓarke a garin Rishar Tol, inda ake noman rake, ta kama mutane masu ɗimbin yawa. Wannan ba labarin nesa ba ne a gare mu. A shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar cututtukan ƙasashen zafi ta Libaful a Ingila sun zauna a Malumfashi suna nazarin fitsarin jini. Sun lura da masu shiga madatsar Ruwan Sanyi, suka ga yara maza masu iyo su ne suka fi daɗewa a cikin ruwa, su ne kuma cutar ta fi kamawa. Iyaye mata, in yaro ya ce yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, kada a ce alamar girma ce. A kai shi asibiti, akwai magani.

Bargon kore mai kauri yana da wata ɓarna kuma. Yana hana haske da iska shiga, kifi ya mutu, ruwa ya yi wari, bututun injin ban ruwa ya toshe. Ɗan akuya ko yaro ƙarami yakan ɗauka ƙasa ce ya taka.

Mai da asara riba

Mutanen Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiwon azola da gangan a gonakin shinkafa. Sukan bar ta ta rufe ruwan gonar, sa'an nan su tattake ta cikin laka ta ruɓe. Gwaje-gwajen da cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta jagoranta sun nuna shimfiɗa ɗaya mai kyau tana ba hekta guda naitirojin kusan kilo 30. Buhun yuriya mai kilo 50 kuwa kilo 23 ne a cikinsa. An gwada wannan dabara a Afirka ta Yamma a shekarun 1980, amma ba ta yaɗu ba. Tana bukatar gona mai kangiya wadda manomi yake iya tsai da ruwa ko ya sake shi yadda ya ga dama, galibin shinkafarmu ta fadama kuwa yadda sama ta yi haka take sha. Zafin bazara ma yana kashe ta. Don haka ba zan ce wa kowa ya daina sayen taki ba.

Abin da ya fi dacewa da gidajenmu ƙarami ne. Wanda gurbi ko madatsa ta rufe kusa da lambunsa, ya kwashe azolar da dogon rariya ko manjagara yana tsaye a gaɓa, kada ya shiga ruwan saboda tsargiya. Ya zuba ta a ramin taki tare da toka kaɗan da kashin awaki, ko ya shimfiɗa ta a gindin tumatir da albasa. Tana ruɓewa cikin mako biyu ko uku. Ta haka fosfaras ɗin da ya gudu daga gona ya komo gida, ya kuma zo da naitirojin kyauta.

Mata masu kiwon kaji da agwagi, musamman ƙungiyoyin zumuntar mata, suna iya kiwonta a bayan ɗaki. A haƙa rami mai tsawon taku biyu da faɗin taku ɗaya, zurfinsa kamu guda, a ƙarƙashin inuwar itace mai barin haske kaɗan. A shimfiɗa leda mai kauri, a zuba ƙasa mai laushi kwano biyu ko uku, da ɗan kashin shanu da aka dama, da sufa cokali guda. A cika ruwa ya kai tsawon yatsa, a sa azola tafi biyu. Irin ta wurinmu za a nema, kada a karɓi baƙuwar ciyawar ruwa daga wata ƙasa, labarin Sanagal ya ishe mu. Cikin mako biyu ramin zai rufe, daga nan ana iya ɗiba kowace safiya. Kada a kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku, gama inda ruwa ya buɗe nan sauro yake ƙwai. A wanke ta, a gauraya da dusa. In an shanya ta, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta abinci ne mai gina jiki, amma ƙari ce kawai, kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na abincin kaji. Wadda aka kwaso daga ruwan da ake wanke tankin feshi ko ruwan marina, ba a ba dabba, domin tana tara dafi a jikinta.

Wanda yake so ya san halin ruwan da zai zuba a ramin ba sai ya je Samaru ba. A jiƙa zoborodo a ruwa mai tsabta, ba sukari, a jera kofunan gilashi uku. Na farko ruwa da ɗigon lemon tsami, na biyu ruwa da 'yar kanwa, na uku ruwan rijiya ko rafin da ake so a gwada. A zuba zoborodo cokali ɗaya a kowanne. Na lemo zai yi ja wur, na kanwa zai rikiɗe ya yi duhu ya koma wajen kore. Sai a duba na ukun a ga wanda ya fi kama da shi. In ya tsaya ja ko ruwan hoda, azola za ta zauna. In ya bi na kanwa, a tari ruwan sama daga indararo a yi amfani da shi.